Jarrabawar Yara, Hukuncin Manya: Tarihin Gwajin 'Yan Firamare a Jihohin Amurka

A duk shekara, daga wajen watan Maris zuwa Mayu, makarantun gwamnati na Amurka kan shiga wani hali da duk mai ɗa a firamare ya sani. Malamai su rufe takardun da ke manne a bangon aji don kada yaro ya hango amsa, shugaban makaranta ya aika wa iyaye saƙo cewa a kwantar da yara da wuri, a kuma tabbata sun karya kafin su fito, sannan miliyoyin yara su zauna gaban takarda ko kwamfuta su amsa tambayoyin karatu da lissafi waɗanda jiharsu ta tsara. Dokar tarayya ce ta wajabta haka a kan kowane yaro daga aji 3 zuwa aji 8, wato tun yana ɗan shekara 8 ko kusa da haka. Bayan 'yan watanni jaridu su buga sakamako: kashi kaza cikin 100 na 'yan aji 4 sun ƙware a karatu, makaranta kaza ta ci gaba, gunduma kaza ta koma baya. Mai karanta jaridar kan ɗauka labarin yara ake ba shi. Tarihin wannan al'ada kuwa ya nuna cewa tun ranar da aka fara ta da manya ake: malami, shugaban makaranta, jami'in ilimi, har gwamna. Yaro ake yi wa tambaya, amma a kan wani hukuncin yake sauka. Daga nan amfanin jarrabawar da ɓarnarta duka suka samo asali, kuma abin da nake son nunawa shi ne, gwargwadon yadda aka ɗaura abincin babba da mutuncinsa a kan makin yaro, gwargwadon yadda makin ke daina faɗin gaskiya game da abin da yaron ya sani.

Mafarin abin a Boston ne, cikin 1845. Kafin wannan shekara, yadda ake duba makaranta shi ne wakilan kwamitin ilimi na gari su zo, malami ya tsayar da yaran da ya amince da su, su zubo abin da suka haddace, baƙi su yaba su tafi. Horace Mann, sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts, ya zaga makarantun Turai a 1843, ya dawo ya rubuta rahoto yana yabon makarantun Prussia, inda ya ce ya ga ana koyarwa da fahimta ba tare da dogaro da bulala ba. Manyan malaman Boston su 31 suka ji da su ake, suka mayar masa da martani a rubuce, rigima ta kankama. Ana cikin wannan rigima ne abokinsa Samuel Gridley Howe, wanda ya sami kujera a kwamitin makarantun birnin, ya zo da sabon abu: tambayoyi bugaggu, iri ɗaya ga kowace makaranta, a amsa su a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci. Yara sama da 500 na manyan azuzuwa suka zauna, kuma abin da suka amsa daidai bai kai sulusi ba. Da yawansu sun iya kawo ƙa'ida da ka, amma da aka juya tambayar kaɗan sai suka rasa ta cewa. Kwamiti ya buga sakamakon makaranta-makaranta, jaridu suka ɗauka, wasu malamai suka rasa kujerunsu. Akwai kuma wani abu a rahoton da ya kamata a riƙe: ya fallasa munin halin makarantar Smith, wadda aka keɓe wa 'ya'yan baƙar fata, ya kuma ɗora laifin a kan mai koyar da su. Ke nan tun daga gwajin farko abubuwa biyu suka fito tare, makami a hannun masu neman cin galaba a kan malamai, da kuma hujja ga yaran da aka yi watsi da su.

Ingila ce ta fara kai wannan tunani ƙarshensa. A 1862 Robert Lowe ya kawo tsarin biyan makaranta gwargwadon sakamako: sufeto ya zo ya gwada kowane yaro a karatu da rubutu da lissafi, gwamnati ta biya sule 8 a kan yaron da ya ci duka, a kuma yanke sule 2 da kwabo 8 a kan kowane darasin da ya faɗi. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, ya yi ta kokawa cewa koyarwa ta koma tisawa kawai, har yaro kan haddace littafin karatun ajinsa ya wuce gaban sufeto ba tare da ya iya karatu na gaskiya ba. Sai a shekarun 1890 aka jingine tsarin. A jihar New York ma, jarrabawar Regents da aka fara a tsakiyar shekarun 1860 don rabon kuɗi aka ƙirƙiro ta, domin makarantu na ƙirga kowane yaro a matsayin ɗalibin babban mataki don su sami kaso mai tsoka. Duk wanda ya so sanin abin da ke faruwa idan aka haɗa maki da kuɗi, ya sami darasinsa fiye da shekara 100 kafin Amurka ta maimaita shi a faɗin ƙasa.

Akwai wani zamani a tsakiya da abin ya sauya fuska, zamanin masana awo. A shekarun 1890 wani likita mai suna Joseph Mayer Rice ya gwada yara wajen 30,000 a kan rubuta kalmomi daidai, ya gano cewa makarantun da ke ɓata lokaci mai tsawo kullum a kan wannan tisawa ba su fi masu yin ta a taƙaice ba. Wajen 1915 Frederick Kelly ya fito da gwajin karatu a Kansas mai tambaya da jerin amsoshi, yaro ya zaɓi ɗaya. Rundunar sojan Amurka ta gwada sojoji kusan miliyan 1.7 da irin wannan salo a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga nan ya kwarara makarantu. A 1923 aka fitar da gwajin Stanford, a 1935 kuma gwajin Iowa na 'yan firamare ƙarƙashin E. F. Lindquist, a 1938 kamfanin IBM ya fara sayar da na'urar da ke karanta alamar fensir ta ba da maki. Labarin Lindquist yana da ban sha'awa domin da gasa ya fara: a 1929 ya jagoranci gasar ilimi tsakanin makarantun Iowa, da ya ga yadda neman kambu ke sa malamai koyar da abin da za a tambaya kaɗai, sai ya karkata zuwa gwajin da zai nuna wa malami inda kowane yaro ke da rauni. A wancan zamani gundumomin ilimi ne ke sayen gwajin daga kamfanoni don amfanin kansu, kuma ba a korar malami saboda maki. Kada dai a ɗauke shi zamanin adalci. Nauyin a kan yara ya faɗa: da irin waɗannan gwaje-gwaje, musamman na auna kaifin ƙwaƙwalwa, aka riƙa ware 'ya'yan baƙi masu hijira da 'ya'yan baƙar fata zuwa azuzuwan da ba a tsammanin komai daga gare su.

Abin da ya mayar da hankali kan manya shi ne kuɗin tarayya. A Amurka ilimi hurumin jihohi ne, su 50, da gundumomi sama da 13,000 da ke gudanar da makarantu, gwamnatin tarayya kuwa ba ta da hannu sosai sai a 1965, lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar tallafa wa makarantun da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Sanata Robert Kennedy ya dage cewa dole a riƙa auna abin da kuɗin ya haifar, domin bai amince jami'an makarantu za su kashe shi a kan yaran da aka nufa ba. Shekara huɗu bayan haka, a 1969, aka fara gwajin ƙasa da ake kira NAEP, kuma tsarinsa ne ya sa ya zama mashaidi mafi muhimmanci a duk wannan tarihi. Ba kowane yaro ke yin sa ba, ana zaɓo wasu ne su wakilci saura. Babu yaron da ke amsa dukan tambayoyin, babu wanda ake ba makinsa, babu makarantar da ake sanar da sakamakonta, kuma malami bai san abin da zai fito ba. Saboda haka babu mai wata riba idan ya murɗa shi. Da farko ma jami'an jihohi sun ƙi a riƙa kwatanta jiha da jiha, sai daga 1990 aka fara fitar da sakamakon kowace jiha. Tun daga lokacin, duk da'awar da wata jiha ta yi game da ci gaban yaranta akwai wurin da za a je a tantance ta.

Kafin a kai ga haka, wani likita a ƙauyukan West Virginia, John Jacob Cannell, ya riga ya tona wani asiri. Ya yi mamakin jin cewa jiharsa, wadda ke cikin mafi talauci, tana shelar cewa 'yan firamarenta sun zarce matsakaicin ƙasa. Ya bi jihohi yana tattara rahotanninsu, a 1987 ya buga abin da ya samu: kusan ko'ina labarin ɗaya ne, kowace jiha ta zarce matsakaici. Hakan ba ya yiwuwa a lissafi. Dalilan da aka gano daga baya ba ɓoyayyu ba ne. Ana kwatanta yaran bana da ma'aunin da aka kafa shekaru da dama baya, kuma takardar tambayoyi ɗaya ake maimaitawa shekara da shekaru har malamai suka san ta ciki da waje. Wannan ya faru ne tun hukuncin da ke bin maki bai wuce jin kunya a jarida ba.

Daga nan jihohi suka fara ɗaura wa makin lada da horo. Rahoton gwamnatin tarayya na 1983 da ya yi gargaɗin cewa ilimin ƙasar na cikin haɗari ya tayar da gwamnoni, musamman na kudu, masu neman jawo masana'antu jihohinsu. Kentucky ta yi sabuwar dokar ilimi a 1990, ta riƙa ba makarantun da makinsu ya ƙaru tukuicin kuɗi. Maki ya yi ta hawa. Amma a karatun 'yan aji 4, tsakanin 1992 da 1994, lokacin da jarrabawar jiha ta nuna gagarumin ci gaba, NAEP bai nuna ko ɗaya ba. A lissafi kuma, binciken Daniel Koretz da Sheila Barron ya nuna ci gaban da jiha ta gani ya ninka na NAEP fiye da sau uku. Texas ta bi irin wannan hanya da jarrabawarta ta TAAS, tana ba kowace makaranta daraja bisa sakamakon farare da baƙaƙe da 'yan asalin Latin da 'ya'yan talakawa, kowane rukuni daban. Aka yi ta maganar abin al'ajabin Texas. A shekarar 2000 masu bincike na cibiyar RAND suka nuna cewa ci gaban ya fi ƙanƙanta ƙwarai a NAEP, kuma giɓin da ke tsakanin farare da baƙaƙe, wanda ke tsukewa a jarrabawar jiha, bai tsuke haka a gwajin ƙasa ba. Gwamnan Texas na lokacin, George W. Bush, yana gab da zama shugaban ƙasa, kuma da wannan tsari ya tafi Washington.

Ranar 8 ga Janairu 2002 Bush ya sa hannu a dokar No Child Left Behind, wato kada a bar ko yaro ɗaya a baya. Jam'iyyu biyu ne suka haɗu a kanta, har da Sanata Edward Kennedy, kuma ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 87 a kan 10. Ta wajabta gwajin karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa 8, a fitar da sakamakon kowane rukuni na yara daban, kuma zuwa 2014 kowane yaro a ƙasar ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta kasa cika burin shekara sau biyu a jere, a ba iyaye damar cire 'ya'yansu. Idan abin ya ɗore, a iya sauya malamai da shugabanni ko a karɓe makarantar. Sai dai dokar ta bar wa kowace jiha ta tsara jarrabawarta, ta kuma yanke makin da za a kira ƙwarewa. Wannan daidai yake da a ce wa mai awo a kasuwa za a hukunta shi idan bai cika mudu kaza a rana ba, sannan a bar masa zaɓen girman mudun. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san mudun zai tauye. A 2005 Mississippi ta ce kashi 89 cikin 100 na 'yan aji 4 sun ƙware a karatu, NAEP ya ce kashi 18. Gaskiya ne matakin ƙwarewa na NAEP yana da tsauri, har wasu masana na ganin ya yi tsauri da yawa, amma babu tsaurin da zai bayyana tazara irin wannan. A birnin New York, inda aka yi shekaru ana murnar hawan maki, jiha ta ɗaga makin ci a 2010 bayan ta amince cewa jarrabawar ta yi sauƙi, sai waɗanda suka ƙware a Turanci suka faɗo daga kashi 69 zuwa 42, a lissafi kuma daga 82 zuwa 54, cikin shekara ɗaya. Yaran ba su manta komai ba a wannan shekara. Iyayensu ne aka daɗe ana gaya wa abin da ba haka yake ba. Duk da wannan sassauci, zuwa 2011 kusan rabin makarantun ƙasar sun shiga jerin waɗanda suka gaza, domin burin kashi 100 ba abu ne da wata ƙasa ta taɓa cimma ba.

A cikin aji, matsin ya bi hanyoyin da ba sai an karya doka ba. Wani bincike na 2007 ya nuna kashi 62 cikin 100 na gundumomi sun ƙara wa karatu da lissafi lokaci a firamare, kashi 44 kuma sun rage lokacin wasu darussa kamar tarihi, kimiyya, zane, kiɗa, har da hutun wasa. Wannan ragi ya fi cutar da ɗan talaka, domin fahimtar karatu na dogara da abin da yaro ya riga ya sani game da duniya, kuma yaron da ba a hira da shi a kan taurari da tsirrai da ƙasashe a gida, a makaranta kaɗai zai same su. An cire masa abin da zai sa ya gane rubutu, an ba shi atisayen zaɓen amsa. Mai bincike Jennifer Booher-Jennings ta zauna a wata firamare a Texas ta ga yadda malamai ke kasa yara uku: waɗanda za su ci ko ta yaya, waɗanda ke gab da ci, da waɗanda aka cire rai da su. Duk ƙoƙari sai ya koma kan na tsakiya, tunda su ne za su motsa lissafin makaranta. Dokar da aka yi don na baya, a aikace ta koya wa malami cewa ɓata lokaci ne ya tsaya a kan wanda ya fi kowa nisa a baya.

Atlanta ce inda abin ya kai maƙura. Shugabar makarantun birnin, Beverly Hall, ta kafa wa kowace makaranta burin maki, da tukuici ga wanda ya cika da barazanar kora ga wanda ya gaza, kuma a 2009 aka ba ta lambar gwarzuwar shekara ta ƙasa. Jaridar birnin ta lura cewa hawan makin wasu makarantu ya wuce hankali, aka duba takardun amsa, aka ga yawan gogewa daga kuskure zuwa daidai. Rahoton masu binciken jihar Georgia na 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44, mafi yawansu firamare, ya kuma bayyana yadda wasu ke taruwa bayan an tashi suna goge amsoshin yara suna gyarawa. Hall ta musanta cewa ta san da maguɗin, ta kuma rasu a Maris 2015 kafin a yi mata shari'a. A watan Afrilu na shekarar aka sami mutum 11 da laifi ƙarƙashin dokar da aka tanada don gungun masu laifi. Ba na wanke su. Malamai da yawa a birnin sun sha matsi iri ɗaya ba su taɓa takardar yaro ba. Amma wanda ya fi kowa asara shi ne yaron da bai iya karatu ba, takarda ta ce ya iya, aka hana shi ƙarin darasin da ya cancanta. Masanin zamantakewa Donald Campbell ya riga ya faɗi ƙa'idar tun shekarun 1970: duk ma'aunin da aka jingina manyan hukunce-hukunce a kansa, zai gurɓace, ya kuma gurɓata aikin da aka kafa shi ya auna.

Mai jin wannan duka zai iya cewa to a soke jarrabawar mana, a bar malami da yaransa. Iyaye da yawa sun kai ga wannan ra'ayi: a 2015 kusan kashi 20 cikin 100 na yaran jihar New York ba su zauna jarrabawar ba, iyayensu suka hana. Ban yarda da wannan mafita ba, kuma dalilina yana cikin tarihin kansa. A shekarar nan ta 2015 manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata da 'yan asalin Latin, har da NAACP, suka fito suka soki ƙauracewar, domin sun san yadda abin yake kafin a tilasta fitar da sakamakon kowane rukuni: makaranta mai suna ta ɓoye gazawar 'ya'yan talakawa da naƙasassu da masu koyon Turanci a cikin matsakaicin maki mai kyau, babu wanda ya tambaya. Da sakamakon waɗannan jarrabawoyi ne Sean Reardon da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka nuna cewa tsakanin gundumomi mafi arziki da mafi talauci akwai tazarar da ta haura karatun shekara huɗu. Mai hali yana da hanyoyi da yawa na sanin ko ɗansa na koyo. Uwar da ke aiki biyu don ta ciyar da gida, wadda ba ta da mai duba mata, takardar sakamakon nan ce kusan kaɗai hujjarta idan ta je ta tsaya gaban hukumar makaranta.

Ƙalubale na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga ɗaya ɓangaren yake. Masu goyon bayan matsi za su ce ai shi mashaidin da kake dogaro da shi ya nuna ci gaba na gaske. Haka ne. Makin lissafi na 'yan aji 4 a NAEP ya tashi daga 213 a 1990 zuwa 240 a 2007, na yara baƙar fata kuma daga 188 zuwa 222, kuma binciken Thomas Dee da Brian Jacob ya danganta wani ɓangare na ci gaban lissafin ga dokar 2002. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai sukar jarrabawa da ya tsallake shi bai yi adalci ba. Sai dai a lura da iyakarsa. Hawan ya fara tun kafin dokar, ya kuma tsaya cak tun tana da ƙarfi: 242 a 2013, 241 a 2019. A karatu kuwa binciken nan bai sami tasiri ba, makin ya motsa daga 217 a 1992 zuwa 220 a 2019 kawai. Dalilin bambancin a ganina a fili yake. Lissafin firamare abu ne da ƙarin lokaci da tisawa ke gyarawa, don haka matsi ya iya saye shi. Karatu yana buƙatar malami ya san yadda ake koyar da shi, kuma tsoro ba ya koya wa mutum abin da bai sani ba.

Mississippi, wadda ta zama misalin tauye ma'auni a 2005, ita ce kuma ta ba da mafi kyawun shaida a kan wannan. A 2013 tana ta 49 cikin jihohi a karatun 'yan aji 4 na NAEP. A shekarar ta yi dokar da ta ce yaron da bai ci gwajin karatu a ƙarshen aji 3 ba zai maimaita aji, abin da Florida ta fara shekara goma kafin nan. Amma ba ta tsaya a barazanar ba. Ta sake horar da malaman ƙananan azuzuwa a kan koyar da sautin haruffa da haɗa su bi da bi, ta tura ƙwararrun masu horarwa makarantun da suka fi rauni, ta riƙa gwada yara da gajerun gwaje-gwaje tun daga ajin share fage don a gano mai matsala da wuri, ta kuma tsaurara jarrabawarta har ta kusanci ta ƙasa. Zuwa 2019 ta koma ta 29, a 2024 ta 9. Akwai masu cewa hana raunana shiga aji 4 ya taimaka wajen ƙawata sakamakon, kuma ci gaban bai kai haka ba a aji 8. Tambayoyi ne na gaskiya, kuma maimaita aji nauyi ne da ake ɗora wa yaro ɗan shekara 9 saboda gazawar da galibi ba tasa ba ce. Amma ko an ɗebe wannan, abu biyu sun tsaya. Abin da ya sauya a cikin aji ilimin malamai ne, gwaji kuwa ya yi aikin nuna inda za a kai taimako. Sannan duniya ta yarda da labarin Mississippi ne domin NAEP ya tabbatar da shi, gwajin da babu albashin kowa a kansa.

A Disamba 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar doka da ta bar gwajin shekara-shekara da fitar da sakamakon rukuni-rukuni, ta soke burin kashi 100, ta mayar wa jihohi ikon yanke abin da za a yi da makarantun da suka gaza. A 2020 annobar korona ta sa aka dakatar da jarrabawar a duk ƙasar. Da aka dawo, gwaji ne ya nuna girman asarar: lissafin 'yan aji 4 ya faɗi zuwa 236 a 2022, karatu kuma ya ci gaba da zamewa har 215 a 2024, kuma yaran da ke can ƙasa ne suka fi faɗuwa. A wannan shekara ta 2024 Oklahoma da Wisconsin suka sauke makin da ake kira ƙwarewa a jarrabawoyinsu, adadin waɗanda suka ƙware ya yi tsalle. Jami'an Wisconsin sun ce tsohon makin, wanda aka ɗaura da na NAEP, ya yi tsauri fiye da abin da manhajar jihar ke nema, kuma malamai ne suka zauna suka yanke sabon. Ko da hujjarsu ta karɓu, iyaye sun rasa damar kwatanta bana da bara a daidai lokacin da suke son sanin ko 'ya'yansu sun farfaɗo. Oklahoma ta mayar da tsohon makinta a 2025, adadin waɗanda suka ƙware ya sake faɗowa.